Kububuwa a Cinyata, Hanyar Isa

Ni ba mai riƙe abu a rai ba ce. In aka yi min, nan take nake zazzage wa mutum abin da ke cikina in wuce, gobe ma sai an tuna min. Amma akwai tafiya guda da ko tsufa ya cinye min hankali ba za ni manta da ita ba, ita ce ranar da na ɗauko kububuwa a kan cinyata daga ƙauyenmu na wajen Tozai, a bayan a-kori-kura cike da mata masu goyo, yatsuna huɗu suna cikin kejin da take kwance.

Lokacin ina aji biyar a sakandare a Isa, kuma shekara ta biyu ke nan a jere da damina ta yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke gero yana shirin fidda kai, ya bushe a tsaye kamar tsinken tsintsiya. Kafin bazara ta kama, gidaje da yawa a ƙauyenmu sun koma jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci da kwaɗon tafasa, makiyaya kuma suna ta koro shanu kasuwa, shanun da daga nesa kana ganin haƙarƙarinsu.

A cikin wannan hali aka ce za a yi baje kolin noma da kiwo na makarantun Isa da Sabon Birni, kamar yadda aka saba. Abin da akan kai shi ne zangarniyar gero mai tsawon hannu, da kabewa, da ɗan rago ko zabi. To a wannan shekara me za a kai? Gonar makarantarmu ko akuya ta shiga da yunwarta za ta fito. Sai malaminmu na aikin gona, wani dogo mai sanyin magana, ya ce tunda gona ta hana, mu nuna fararen ɓerayensa. Daga Sakkwato ya zo da su a kwali don koyarwa, farare fat, idanunsu ja kamar garwashi. Ajin duka aka sheƙe da dariya. Ya ce a yi dariya, amma wa zai kula da su? 'Yan matan suka noƙe, mazan suka ce su dai in gafiya ce a kawo su gasa. Ni kuwa ba abin da ke ba ni haushi irin in ga ƙatuwar budurwa ta haye benci tana ihu don ta ga kusu, sai na ɗaga hannu don kawai in ba su kunya.

Ban san za ni so su ba. Uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Kafintan makaranta ya yi musu keji, ƙasansa katako, gefe da sama ragar waya irin ta kejin kaji, mai ƙofofin da babban yatsa ke shiga. Da yake ni tsaki ba ya min wuya, da shi suka san ni. In na yi tsaki sai su taso su dafe raga suna shinshina yatsana. Na haɗa musu wata 'yar hanya mai kwana-kwana da karan dawa a kan faffaɗan katako, na riƙa ajiye ɗan ƙuli-ƙuli a ƙarshenta, har suka iya bin ta ba ɓata. Macen ta fi su kai. Ita ce ke hawa hannuna ta bi damtse ta zauna a kafaɗata kamar an naɗa ta. Na shafa mata lalle a gadon baya don masu kallo su gane ta, daga nan kowa ya koma ce mata Mai-lalle. Ana dab da bikin ta haihu, wasu 'yan mitsi-mitsi jajaye, na yi musu ɗaki da gwangwanin madara da tsumma. Malam ya ce madalla, har su za a kai.

Sai rijiyar makaranta ta ƙafe. Aka ce kowa ya tafi gida, mu da za mu yi nuni mu dawo ranar baje kolin. Malam ya miƙo min kejin ya ce amana.

Wajen kakata nake zaune, mahaifiyar babana, wadda ke sayar da goro a cikin gida. Tana ganin abin da na shigo da shi ta ajiye maficinta.

"Ke uwar kusa," ta ce, wato uwar ɓeraye, "shekarar da mutum ka neman dusa shi sha, ke kin kwaso muna baƙi masu ci? Wanga boko naku dai Allah shi kyauta."

Na ce, "Tsohuwa, ba su cin goro, kwantar da hankalinki."

"Su ci su gani in ban sa miki su a miya ba."

Daga rabona nake ba su, ɗan gudajin fura da ɓarɓashin ƙuli-ƙuli. Abinci bai zame min matsala ba, zafi ne ya zama. Ɗakinmu rufin kwano ne, kuma bazarar shekarar ko tsuntsu ba ya tashi da tsakar rana. Ban daɗe da zuwa ba na shiga ɗaki bayan azahar na tarar da namiji ɗaya ya miƙe, baki buɗe, ya mutu. Na zauna a ƙasa ina kukan haushi. Tsohuwar da ke cewa za ta sa su a miya, ita ce ta zo ta ɗauki kejin. Ta kai shi bayan randa, inda take ajiye goronta a kan yashi mai laima, ta jiƙa tsohon buhu ta lulluɓe shi ruf. Yadda take yi wa goro don kada ya bushe, haka ta yi musu. Kuma abin ya yi, don kafin la'asar sun dawo suna guje-gujensu. Abin da ni da ita ba mu kawo a rai ba shi ne, a duk gidan nan wannan ɗan lungu ne kaɗai ƙasa ke da sanyi, kuma ba ɓerayena kaɗai zafi ya dama ba.

Ana gobe biki na yi musu kwalliya. Ruwa ba na wasa ba ne, don haka a kofi ɗaya na tsoma tsumma na goge su tas har wutsiya, na rage musu farce, na sabunta wa Mai-lalle lallenta, na zuba musu sabon ƙaiƙayi. Na mayar da su bayan randa.

Washegari ta kama ranar kasuwar Isa, kuma mota ɗaya ce ke tashi daga garinmu. Ina ɗaura hijabi na ji direba yana danna oda a bakin masallaci. Na fito da gudu na tarar kaka ta riga ta yayyafa wa buhun ruwa, ta ɗaure shi a jikin kejin da igiyar kaba.

"Kar ki buɗe su a rana," ta ce. "In sunka mutu a hanya ba ni jin kuka."

Na sungumi abina na yi waje.

Wanda bai taɓa shiga a-kori-kura ranar kasuwa ba, ba zai gane ba. Na samu wuri a kan tayar safaya, bayana jingine da kan motar, gwiwoyina a matse ba su ko motsi. Na ɗora kejin a cinya, na zagaye gindinsa da hannun hagu don kada ya zame. A hagu da ni wani tsoho ne mai fataucin tabarmi zuwa Nijar. A dama wata Bafulatana ce, ba ta girme ni da yawa ba, da ɗanta a cinya, yaron da bai daɗe da fara zama ba. Gabanmu mata ne da goyo da ƙwarya da awaki, maza kuma sun jeru a kan ƙarfen gefe, ƙafafunsu na lilo a waje.

Mun bar gari da ɗan nisa sai na zura hannun dama ta ƙarƙashin buhun, na saka yatsuna huɗu a ragar sama, na yi tsaki. Na saba in ji ɗan hanci mai sanyi ya taɓa ni. Maimakon haka sai na ji su biyun tuni suna maƙale a ragar saman, a kife, jikinsu na karkarwa har wayar na rawa. Ina cikin mamakin abin da ya hau da su can, sai na ji ƙarar.

Duk ɗan ƙauyenmu ya san wannan ƙara. Kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi, amma ba ta yankewa. Kububuwa ce ke yin ta in ta naɗe tana goga jikinta da jikinta. Ƙanen babana ita ta sare shi a gona wajen ɗaurin dami. Ina ƙarama amma na ga jini na fita daga dasashinsa, har tsohon tabon da ke ƙafarsa ya buɗe, kuma a hanyar asibiti ya cika.

Na ce wa kaina ƙarar taya ce. Akwai wani ɗan huji a buhun daidai ƙarƙashin haɓata, na sunkuyar da ido kawai, ban motsa wuya ba. Tana nan. Launin yashi, da ɗige-ɗige a baya, ta naɗe a kusurwar dama kusa da gwangwanin jariran, tsakiyar jikinta ya kumbura. Ta shigo ta raga tana siririya, ta ci, ta kasa fita. Tsakanin kanta da yatsuna bai fi tsawon cokali ba. Tsakaninta da cikina kuwa raga ce, da buhu, da hijabi.

Wallahi bakina ya riga ya buɗe. Ni da aka sani ko ƙuda ya dame ni sai unguwa ta ji, ihun ya taso har maƙogwaro, kuma hannuna na hagu ya fara shirin wurgi da kejin. Abin da ya tsayar da ni ƙafafun nan ne da na gani suna lilo a waje. Direba gudu yake, don hanyarmu yashi ce, in ka sassauta ka kafe. Ƙofar kejin da lanƙwasasshiyar ƙusa kawai aka maƙale ta. In na jefar, a kan ƙafar wata zai faɗo ya buɗe. In na ce macciji, ba wanda zai tsaya tambayar ina yake, dirowa za a yi, masu goyo da goyonsu. Akwai wata mata a garinmu da ta taɓa dirowa daga mota a hanyar Bafarawa don wani ya ce wuta, wutar ba ta ci ko tsumma ba, amma ita har ta mutu da ɗingishi take tafiya. In kuwa na zare hannu, motsi za ta gani, kuma ta fi ni sauri.

Sai na rufe bakin. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba.

Na juya ido wajen tsohon, na ce a hankali, "Baba, don Allah a ce wa direba shi tsaya."

"Mi af faru? Amai?" Kafin in amsa ya ɗaga hannu ya daddaki rufin motar, daidai bayan kaina. Ƙarar cikin kejin ta ninka.

Direba ya leƙo ta taga ya ce, "Ba ni tsayawa cikin yashin ga! Sai rafi! Mai amai shi yi waje!"

Aka yi dariya. Tsohon ya ɗaga hannu zai ƙara, na ce, "Baba, bari. Kar ka ƙara bugawa." Ya dube ni ya taɓe baki, ya ce 'yan makaranta dai ba a iya musu.

Rafin da direba ke nufi busasshe ne, yashinsa mai zurfi, kowa ke sauka a tura mota. Na san da saura. Na ƙudurta za ni zauna kamar dutse har can. Da ni kaɗai ce, da watakila abin ya zo da sauƙi. Amma bakin igiyar kabar nan yana reto a gefen dama, kuma ɗan Bafulatanar ya gan shi. Ya miƙa hannu ya kama, ya ja. Kejin ya ɗan girgiza. Ya ji daɗi, ya saki igiyar ya fara bubbuga buhun da tafinsa, daidai kusurwar da take kwance. Ina kallon ɗan yatsansa yana lalubar ramin raga ta bayan buhu.

Uwar ta yi min murmushi ta ce, "Shina son kayanki, 'yar makaranta. Mi ke ciki?"

Hannuna ɗaya na cikin raga, ɗaya na riƙe da keji. Ba ni da abin da za ni ture yaron da shi sai baki. In na raɗa mata gaskiya, na san uwa, fizgar ɗanta za ta yi ta miƙe da ihu. In na ce don Allah, za ta ce yaro ne, ta ɗan janye shi ya dawo. Ina son ta ɗauke shi gaba ɗaya, yanzu, kuma kada ta ƙara bari ya matso.

Na ɗaure fuska na ce, "Ke, janye ɗanki daga jikina. Tsami yake yi."

Murmushin ya tsaya a fuskarta. Ta ce, "Yaro na hwa."

"Na ce ki ɗauke shi! Duk ya shafe min kaya da majina. In ba ki iya riƙon ɗa ba, mi ya hana ki bar shi gida?"

Motar ta ɗauka. Wata ta ce, "Ɗiyar wa ta, wagga marar kunya?" Wata ta ce, "Jikar mai goro ta, ai an san bakinta." Wani daga kan ƙarfe ya ce ga amfanin sa mace boko. Tsohon da ke gefena ya ce, "Haba ɗiyata, haba." Ban ji ko ɗaya a jikina ba, idona na kan ɗan hannun nan. Bafulatanar ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ɗauke yaron ta mayar da shi ɗaya kafaɗar, ta juya min baya iyakar yadda matsi ya bari.

"Allah shi ba ki naki," ta ce, "mu gani."

A raina na ce amin, na gode.

Ba a jima ba motar ta faɗa wani rami, kejin ya yi tsalle ya dawo cinyata. Ina kallo ta hujin amma ban ga saran ba, saurinsa ya fi ido. Abin da na gani kawai, namijin da ya rage ya saki raga ya faɗo cikin ƙaiƙayi, ya yi 'yar ƙara, ya ja ƙafafun baya, ya ja, ya bari. Ita kuma ta koma ta naɗe kamar ba ita ba. Mai-lalle ta rarrafo ta ƙanƙame yatsuna, farcen da na rage mata jiya yana shiga fatata. Duk numfashin da ta yi sai na ga kan kububuwar ya ɗan bi ta. Hawaye suka zubo min, wata daga cikin matan ta ce, "Au, ke da zagi, ke da kuka?"

Na nemi addu'o'in da na haddace a Islamiyya na rasa ko ɗaya, sai kalmar shahada nake ta maimaitawa a ciki. Hannuna ya mutu tun daga kafaɗa. Gumi na shiga idona ba halin sharewa. Kuma tunda na ce za ni faɗi yadda aka yi, to fitsari ma ya zubo min a zaune, jiƙaƙƙen buhun kaka ne ya rufa min asiri. Mutane sukan tambaye ni tafiyar ta kai minti nawa. Ban sani ba. Na san dai na ga kowace bishiyar aduwa da muka wuce, kuma kowace na ce ita ce ta ƙarshe da za ni gani.

Da motar ta fara gangara rafin ta tsaya, sai da na ji kamar in sume. Aka fara sauka, ana miƙa awaki, ana miƙa yara. Kowace ta taka ƙasan motar sai kejin ya amsa. Na jira Bafulatanar ta sauka, na jira matan suka yi gaba cikin yashi. Tsohon ne na ƙarshe, yana tattara babbar rigarsa.

Na ce, "Baba, tsaya. Kar ka yi ihu. Kububuwa na cikin kejin ga, kuma hannuna na ciki."

Ya tsaya a rabin miƙewa. Ya dubi buhun, ya dubi fuskata, ya karkata kunne. Na ga leɓensa na salati ba sauti. Ya sauka a hankali kamar mai taka ƙwai.

Direba ya zagayo yana faɗa. "Ke sarauniya! Sai an kawo miki tsani? Ko ke za mu tura?" Tsohon ya riƙe masa hannu ya yi masa magana a kunne. Direban ya koma da baya ya kashe mota. Da injin ya yi shiru, ƙarar ta fito fili, kowa ya ji ta. Wata ta ce, "Macciji!" Nan take aka watse. A ƙasa suke fa, a fili, nesa da motar, amma sai da wata ta faɗi a kan ƙwaryarta, wata ta take akuya, wani ƙato ya bar takalminsa. Ina zaune ina kallonsu ina tuna da a ce muna gudu ne.

Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba. Bafulatanar tana tsaye da ɗanta, tana kallon kusurwar buhun nan ta dama.

Tsohon ya karɓi sanda a hannun wani makiyayi ya hau gefen motar. Ya ce, "Ɗiyata, za ni taɓa can ƙasa ta wancan gefe. In ta kai wa sanda sara, ki zare hannunki. Kin ji?" Na ce na ji. Ya zungura. Na ji bugun kanta a raga har cikin cinyata. Ya ce, "Janye!" Na ba hannuna umarni, hannu ya ƙi. Yatsun sun sandare a lanƙwashe a jikin waya, kamar ba nawa ba.

"Ba su buɗewa, Baba," na ce. Muryata ma ban gane ta ba.

Sai na ji an kama min gwiwar hannu ta saman ƙarfen motar, kamu mai ƙarfi irin na mai tatsar saniya. Ita ce. Ta miƙa wa wata ɗanta ta tako taya ta hau.

"Sake jikinki," ta ce. "Baba, ƙara."

Ya ƙara zungura, ta fizge. Hannuna ya fito, waya ta kwashe fatar bayan yatsuna, jini ya tsatso. Aka sa salati daga nesa, ana cewa ta sare ta, ta sare ta. Maza biyu suka zura sanduna ƙarƙashin kejin suka ɗaga shi daga cinyata, suka sauke can cikin yashi. Ni kuwa sai janyo ni aka yi. Matar ta zaunar da ni a inuwar mota, ta kwance goran ruwanta, ruwan da na san daga nesa ta ɗebo shi, ta zuba a yatsuna ta wanke. Ta juya su ta duba ɗaya bayan ɗaya, har tsakaninsu.

"Waya ta," ta ce. "Ba haƙori."

Can na jiyo direba yana cewa a zuƙo fetur a banka wa kejin wuta duka a huta. Ban san lokacin da na buɗe baki ba, na ce, "Wanda duk ya ƙona min kusa, wallahi sai ya kai ni Sakkwato ya sayo wasu!" Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Alhamdu lillahi, baki ya dawo, ta rayu." Da bakin sanda suka yaye buhun, suka ture ƙusar, suka karkata kejin. Kububuwar ta fito tana jan cikinta da ƙyar, sanduna suka sauka a kanta. Mai-lalle na nan maƙale a ragar sama. A cikin gwangwani jarirai biyu suka rage.

Kafin a fara tura mota na dubi matar na ce, "Yaya, ki yafe min. Ɗanki ba shi tsami."

Ta karɓi yaron ta shinshina wuyansa ta ce, "Shina yi. Ina ruwan wanka bana?" Muka yi wata irin dariya mai haɗe da kuka. Sannan ta ce, "Da kin ce min macciji, da na diro da shi. Wallahi da na diro." Ta sa shi a baya ta ɗaure, ta ƙara ɗaurewa.

Mun isa Isa an riga an fara. An kafa rumfuna a filin makaranta, kowace makaranta da teburinta, abin nunin duk ba yawa. Malam ya hango ni ya taho zai yi faɗan latti, ya ga hannuna ya ga kejin, ya fasa. Da na gaya masa ya zauna a kan benci ya cire hula. Ya ce in bari kawai, in je a duba ni. Na ce na sha wannan wahala, sai na tsaya.

Na kuwa tsaya. Na shimfiɗa hanyar karan nan, na ajiye ƙuli-ƙuli. Yara suka yanyame teburin suna kallon farin kusu mai lalle, ni kuma duk wanda ya kai yatsa kusa da raga sai na daka masa tsawa, alhali na san ba komai a ciki. Da alƙalai suka iso, Malam ya yi bayani, aka ce to a gani. Na kai hannu ƙofar kejin, hannun ya tsaya a iska. Ina ganin ƙaiƙayi, ina ganin gwangwani, na san an zazzage komai a rafi a gabana, amma ya ƙi shiga. Malam ya sa nasa ya fito da Mai-lalle ya ajiye ta a bakin hanya. Ko taku ɗaya ba ta yi ba. Ta dunƙule tana karkarwa, da aka sake ta ta koma ta kwanta a kan 'ya'yanta. Alƙalan suka jira kaɗan, suka ce sannunku, suka wuce. Wata makaranta daga Sabon Birni ce ta ci da zabinta. Ko a jikina. Ni aikina a ranar shi ne in zagaya bayan rumfa in tofa yawu a ƙasa in duba ko da jini. Har rana ta yi sanyi fari yake fita, sannan na yarda waya ce.

Da kaka ta ji labari ba ta yi min tsiya ba, kuma wannan ya fi komai nuna min ta tsorata. A ranar ta sa aka fitar da randar zuwa tsakar gida, aka kwashe yashin lungun da shebur.

Har yau bakina bai mutu ba, kowa ya sani. In na ga ba daidai ba ina faɗa, kuma ba na iya zagaye-zagaye. Amma kafin wannan tafiya na ɗauka duk gaskiyar da ta zo baki dole a faɗe ta nan take, da ƙarfi, kowa ya ji. A bayan motar nan na gane gaskiya ma tana da wurin sauka. Da na faɗe ta muna gudu, da ban yi ƙarya ba, amma da an kwashi mutane a yashi. Shi ya sa yanzu in magana mai tayar da hankali ta taso min, nakan duba in ga su wa ke zaune a bakin ƙarfe, wa ke da goyo, in jira a tsaya tukuna.